Gida da Gona da Bindiga: Sir William Johnson da Iyalinsa a Kwarin Mohawk, 1738–1796

Gabatarwa

Idan aka ɗauko zancen mulkin mallaka, abin da kan fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne gwamna da razdan da soja mai kaki, watau ma'aikatan da ake aikowa daga wata ƙasa su yi 'yan shekaru suna mulki, sa'an nan su karɓi fansho su koma gida. Amma akwai wani irin Bature dabam, wanda ya ƙetare teku ba da niyyar komawa ba. Shi ne ɗan kama-wuri-zauna, wanda ya sari daji ya kafa gona, ya yi aure ya hayayyafa, ya kuma rataya bindiga don tsaron abin da ya kama. A cikin wannan takarda muna so mu duba rayuwar ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, watau William Johnson, wanda ya zauna a kwarin kogin Mohawk, cikin lardin Niyok na Amurka ta Arewa, a zamanin da lardin ke ƙarƙashin Sarkin Ingila.

Marubuta da dama sun fi mai da hankali ga yaƙe-yaƙensa. Mu kuwa abin da muke son nunawa shi ne, gidansa ne tushen ikonsa: matan da ya zauna da su, da 'ya'yan da ya haifa, da surukan da ya zaɓa. Ta gidan nan ya sami sojoji, ta nan ya sami ƙasa, kuma yadda ya rarraba matsayi a cikinsa shi ya nuna ainihin inda zuciyarsa take.

Tun da kalmar sojan gayya za ta yi ta fitowa, ya kamata mu fayyace ta. A lardunan Ingilishi na Amurka a ƙarni na 18, doka ta wajabta wa kowane namiji mai lafiya cikin mazauna ya tanadi makami, ya fito atisaye lokaci-lokaci, ya kuma amsa kira in yaƙi ya taso. Ba sojan albashi ba ne. Manoma ne da maƙera da 'yan tireda. Gwamna ke naɗa hafsoshinsu, kuma bisa al'ada mai dukiya da faɗa-a-ji a gari shi akan ba kanar. Saboda haka muƙamin ya fi kusa da sarauta bisa ga aikin soja.

Asalinsa da zuwansa

An haifi William Johnson wajen 1715 a gundumar Meath ta ƙasar Ailan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son fahimtarsa, domin Ailan kanta ƙasa ce da Ingilishi suka mallake. Danginsa mabiya ɗariƙar Katolika ne, a lokacin da dokoki suka hana Katolika riƙe muƙamin gwamnati ko na soja, suka kuma ƙuntata musu wajen mallakar ƙasa. Kawunsa, Peter Warren, ya tashi a ɗariƙar Furotesta, abin da ya buɗe masa ƙofar rundunar jiragen ruwan Ingila, inda ya yi suna ya tara dukiya. William ya bi sahun kawun, ya sauya ɗariƙa. Watau tun yana saurayi ya koyi cewa wanda aka ci da yaƙi, in yana son ɗaukaka, sai ya iya harshen mai mulki da ɗabi'unsa. Daga baya wannan darasi ya juya, ya yi amfani da shi ta ɗaya fuskar.

A 1738 Warren ya aike shi ya kula masa da wani makeken fili da ya saya a kudancin kogin Mohawk. Ya iso da iyalai goma sha biyu daga Ailan, aka kuma sayi bayi baƙar fata don sarar daji. Bai daɗe ba ya lura cewa hanyar fatauci ta arewacin kogin take bi. Sai a 1739 ya sayi fili da sunansa a can, ba da son kawun ba, ya buɗe kanti. Hajar zamanin ita ce fatun namun daji, musamman na wata dabbar ruwa da Turai ke yin malafa da gashinta. 'Yan ƙasa su kawo fata, su karɓi bargo da tukunyar ƙarfe da albarushi da barasa. Da can 'yan kasuwar Albany, jikokin mutanen Holan, su ke riƙe da wannan ciniki. Johnson ya tare hanya tun kafin kaya su kai gare su, kuma ƙiyayyar da ta shiga tsakaninsu saboda haka ta bi shi shekaru masu yawa.

Maƙwabtansa su ne Mohawk, ɗaya daga cikin Ƙabilu Shida na tarayyar Irokwa. Sauran su ne Oneida da Onondaga da Cayuga da Seneca da Tuscarora. Tarayyar tana zaune tsakanin Ingilishi a kudu da gabas, da Faransawa a Kanada, kowane ɓangare kuma yana zawarcinta. Abin da ya kamata a riƙe game da su shi ne, dangantaka a wurinsu ta ɗakin uwa take bi. Yaro ɗan zuriyar uwarsa ne, gida da gona na mata ne, kuma dattawan mata su ke zaɓen wanda zai zama shugaba, su ke kuma tuɓe shi. Johnson ya koyi harshensu, ya iya zaman makoki irin nasu, ya san yadda ake miƙa ɗamarar duwatsun katantanwa a wurin taro don ƙulla magana. Wajen 1742 suka karɓe shi a matsayin ɗa, suka raɗa masa suna Warraghiyagey, wanda ake fassarawa da mai manyan harkoki.

Kanar da ba ya da bariki

Lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa a 1744, gwamnan Niyok, George Clinton, ya rasa wanda zai jawo masa Irokwa, domin sun ƙosa da wakilan Albany. A 1746 ya naɗa Johnson kanar na mayaƙan Ƙabilu Shida. A shekarar nan ne ya shiga Albany a gaban ayarin Mohawk, da shigarsu da fentinsu na yaƙi. A 1748 aka ƙara masa da shugabancin sojan gayya na yankin Albany. Kada mu ƙawata aikin da ya yi a wannan yaƙi: tura 'yan hari ne zuwa ƙauyukan Faransawa, da biyan lada a kan fatar kan duk wanda aka kashe. Da yaƙi ya ƙare, majalisar lardi ta ƙi biyansa dukan abin da ya ce ya kashe daga aljihunsa, ya yi fushi ya ajiye aikin a 1751. Bayan shekara biyu shugaban Mohawk, Hendrick Theyanoguin, ya tafi birnin Niyok ya shaida wa gwamna cewa igiyar amana da ke tsakaninsu da Ingilishi ta tsinke. A babban taron Albany na 1754 kuma Mohawk suka nemi a mai do musu da Johnson. Ga alama kowane ɓangare ya ɗauka shi ke amfani da mutumin.

Sunansa ya kai Landan ne a 1755. An ba shi muƙamin manjo-janar, ya ja rundunar larduna don kama sansanin Faransawa na Crown Point, alhali bai taɓa jan runduna zuwa fagen daga ba. Ran 8 ga Satumba aka gwabza a bakin tafkin da shi da kansa ya sauya wa suna zuwa Tafkin George don girmama sarki. Tun da safe Hendrick, wanda tsufa ya riga ya kama, ya faɗa cikin kwanton ɓauna aka kashe shi. Harsashi ya sami Johnson a ƙugu tun faɗan bai yi nisa ba, sai mataimakinsa Phineas Lyman ya riƙe daga har aka kori Faransawa, aka kama kwamandansu Dieskau. A rahoton da Johnson ya aika bai ambaci Lyman ba. Ba a kai Crown Point ba, amma shekarar ta yi wa Ingilishi muni ƙwarai, suna neman ko wace irin nasara. Sarki ya ba shi sarautar baronet, wadda ake gado, majalisar Ingila ta ba shi fam 5,000. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. A 1756 aka naɗa shi mai kula da al'amuran Indiyawa na dukan lardunan arewa, yana amsa umurni daga Landan, ba daga wani gwamna ba.

A 1759 ya kai mayaƙan Irokwa kusan dubu zuwa Niagara, ya karɓi jagoranci bayan mutuwar Janar Prideaux, sansanin ya miƙa wuya a ƙarshen Yuli. A 1760 yana tare da Janar Amherst da aka karɓi Montreal. Iyakar aikinsa na soja ke nan a taƙaice, kuma ko'ina aka duba, abin da ya kawo fagen fama wanda wani hafsa ba zai iya kawowa ba shi ne mutanen da ke kiransa ɗan'uwa, daga baya kuma suruki.

Mata biyu, gida ɗaya

Mace ta farko da aka sani a gidansa ita ce Catherine Weisenberg, Bajamushiya matalauciya. Tana cikin waɗanda kan sayar da aikin ƙarfinsu na wasu shekaru don biyan kuɗin jirgi, ta gudo daga ubangidanta a birnin Niyok, ta shiga gidan Johnson a 1739 a matsayin baranya. Ta haifa masa uku: Ann, da John wanda aka haifa a 1741, da Mary. An yi wa yaran baftisma da sunan mahaifiyarsu, kuma babu rajistar coci da ta nuna an ɗaura musu aure. Ta rasu a 1759. A tsawon shekarun nan ya haifi waɗansu 'ya'ya da matan Mohawk, biyu daga cikinsu, Brant da William, ya ambace su a wasiyyarsa.

A shekarar da Catherine ta rasu ne Molly Brant ta haifa masa ɗanta na fari, Peter Warren Johnson. A nan ya kamata mu dakata kaɗan. An haifi Molly wajen 1736, Kirista ce 'yar cocin Ingila, ta tashi a Canajoharie, ɗaya daga cikin manyan garuruwan Mohawk biyu, a gidan mijin uwarta wanda babban shugaba ne, inda Johnson kan sauka in ya je garin. Ta zauna da shi shekara 15, ta haifa masa takwas da suka rayu. Ba ta bar harshenta ba, ba ta bar suturar mutanenta ba. Ita ke tafiyar da Johnson Hall, babban gidan katako da ya gina a 1763 kusa da sabon garin da ya kafa ya sa wa sunan ɗansa, Johnstown. A harabar gidan nan ɗaruruwan baƙi daga ƙabilu kan yi zango makonni ana shawara, kuma ciyar da su da yi musu kyauta ta hannunta yake bi. A al'adar da kyauta ke ɗaure magana, wanda ke riƙe da mabuɗin rumbu ba ƙaramin ɗan siyasa ba ne.

Abin lura shi ne, zaman nan fuska biyu gare shi. A idon Mohawk aure ne, 'ya'yan kuma nasu ne tun da uwarsu tasu ce, Johnson kuwa suruki ne da ke da hakki a kansu, su ma suke da hakki a kansa. A idon dokar Ingila ba aure ba ne. Johnson ya bar kowane ɓangare da fahimtarsa, ya ci amfanin duka biyun. Ya ɗauki ƙanen Molly, Joseph Brant, ya aike shi makarantar Eleazar Wheelock a Connecticut a 1761, daga baya ya sa shi aikin tafinta. 'Ya'yan Catherine mata kuwa ya aurar da su ga mataimakansa a ofis: Ann ga Daniel Claus, Mary ga Guy Johnson, wanda danginsa ne daga Ailan. Ɗansa John ya tafi Landan aka ba shi lambar Sir a 1765. Ta haka ma'aikatar sarki ta koma kamar gandun gida, kuma manyan muƙaman sojan gayya na yankin suka taru a hannun uba da ɗa da surukai.

Abin takaici ga mai bincike shi ne, takardun Johnson da aka buga cikin juzu'i 14 tsakanin 1921 da 1965, bayan gobarar da ta cinye wani sashe nasu a Albany a 1911, cike suke da lissafin bargo da albarushi, amma da ƙyar ake cin karo da sunan matar da ke raba su.

Ƙasa

Tambayar da ba za mu kauce mata ba ita ce, me Mohawk suka samu, me kuma suka rasa? Gaskiya ne Johnson ya tsaya musu a kan waɗansu 'yan cuwa-cuwar filaye, ya yi ta kai ƙararsu Landan. Gaskiya ne kuma ya yi jayayya da Amherst lokacin da janar ɗin ya soke kyautar da aka saba yi wa ƙabilu, abin da ya taimaka wajen tayar da yaƙin Pontiac a 1763, kuma shi ya kashe wutar da taron Niagara na 1764 da sulhun da ya yi da Pontiac a Oswego a 1766. Amma a 1760 mutanen Canajoharie, garin su Molly, sun ba shi kyautar fili mai faɗin eka wajen 80,000, wanda sarki ya tabbatar masa a 1769. Lokacin da ya rasu yana da eka wajen 170,000, da bayi kimanin 60, da ɗimbin manoma 'yan haya, ciki har da mutanen tsaunukan Sikotilan da suka iso a 1773. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. A nan baƙo ne ya mai da kansa ɗan gari, sa'an nan ya ci.

Babban misali shi ne yarjejeniyar Fort Stanwix ta 1768, inda 'yan ƙasa fiye da 3,000 suka hallara. Landan ta umurce shi ya shata iyaka tsakanin mazauna da ƙabilu. Ya zarce umurnin, ya ja layin har kogin Tennessee, Irokwa suka karɓi kuɗi da kaya na fam 10,460 a kan ƙasar da galibinta ba su ke zaune a kai ba. Ƙasar farautar Shawnee da Delaware da Cherokee ce. Surukansa sun sami sauƙi na ɗan lokaci, domin an karkatar da ambaliyar baƙi zuwa wani wuri, abokansa masu cinikin filaye kuma sun sami abin da suke so. Jinin da ya biyo baya a kwarin Ohio ya zuba. Yana cikin taro a Johnson Hall, yana lallashin Irokwa kada su shiga yaƙin da ya tashi tsakanin Shawnee da mutanen Virginia, ciwo ya kayar da shi, ya rasu ran 11 ga Yuli, 1774.

Wasiyya da watsewa

A wasiyyarsa ne ya faɗi abin da ya ƙi faɗa yana da rai. Catherine, wadda ta shekara 15 a kabari, ya kira ta matarsa, abin da ya share wa John hanyar gadon sarauta da mafi yawan dukiya. Molly kuwa ya kira ta mai kula da gidansa, 'ya'yanta kuma ya ambace su da lafazin da doka ke yi wa waɗanda aka haifa ba da aure ba. Bai bar su hannu wofi ba: ya ba yaran filaye da kuɗi, ita ma ya bar mata fili da kuɗi da baiwa. Amma gidan da ta riƙe na John ne. Ta kwashe 'ya'yanta ta koma Canajoharie ta buɗe ciniki. Shi kansa John ya riga ya bi tafarkin uban: ya rabu da Clarissa Putman, wadda ta haifa masa biyu, ya auri Mary Watts 'yar manyan birnin Niyok a 1773.

Ba a shekara da binne shi ba yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke, iyalin kuwa duk abin da suka mallaka daga sarki yake. Guy Johnson, wanda ya gaji ofishin, ya fice zuwa Kanada a 1775, matarsa Mary ta rasu a hanya a Oswego. A Janairun 1776 Janar Philip Schuyler ya ƙwace makaman John da na 'yan hayarsa, a watan Mayu kuma John ya tsere ta cikin dajin tsaunukan Adirondack, ya isa Montreal bayan kusan mako uku, ya kafa rundunar masu biyayya ga sarki. Peter, ɗan farin Molly, ya yi yaƙi a ɓangaren sarki yana ɗan shekara 16, ya rasu a 1777.

A watan Agustan 1777 Molly ta aika wa rundunar Ingila labarin cewa sojan gayya na gundumar, mutum wajen 800 a ƙarƙashin Nicholas Herkimer, sun taso. Ran 6 ga wata aka yi musu kwanton ɓauna a Oriskany. John Johnson da Joseph Brant suna cikin masu kwanton, waɗanda aka karkashe kuwa maƙwabtansu ne, manoman kwarin da a da suke fitowa atisaye a ƙarƙashin gidan Johnson. Herkimer ya mutu sakamakon rauni, ɗan'uwansa na jini yana ɗaya ɓangaren. Oneida suna tare da Amurkawa, Mohawk da Seneca suna tare da sarki, watau tarayyar Ƙabilu Shida ta juya makami a kan kanta. Aka wawashe gidan Molly, ta gudu da yaranta zuwa Niagara. Can, da kuma tsibirin Carleton daga baya, ita ce ke riƙe mayaƙa kada su juya wa Ingila baya, har kwamandan tsibirin ya rubuta cewa tasirinta ya fi na shugabanninsu gaba ɗaya. A 1779 rundunar Janar Sullivan ta ƙone garuruwan Irokwa wajen 40, majalisar Niyok kuma ta ƙwace dukan dukiyar gidan Johnson. A 1780 John ya komo kwarin sau biyu da wuta a hannu, ya ƙone gonaki da rumbunan wurin da aka haife shi.

Yarjejeniyar Paris ta 1783 ta miƙa wa Amurka ƙasar ba tare da ta ambaci Irokwa ko da kalma ɗaya ba. An biya John diyya, ya sami filaye a Kanada, ya riƙe ofishin ubansa daga 1782 har ya tsufa, ya rasu a Montreal a 1830. Joseph Brant ya kai mutanensa bakin kogin Grand, inda Gwamna Haldimand ya ba su fili a 1784. Molly ta zauna a garin da ake kira Kingston yanzu, gwamnati ta gina mata gida, ta yanka mata fam 100 a shekara, yawancin 'ya'yanta mata kuma suka auri Turawa masu muƙami. A 1785 ta je Schenectady sa hannu a kan waɗansu takardu, jami'an Amurka suka yi mata tayin kuɗi in za ta komo kwarin Mohawk da iyalinta, ta ƙi. Ta rasu a Kingston a 1796, aka binne ta a maƙabartar cocin garin.